Cimar 'Yan Mata a Birni da Ƙauye: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙaramin yaro in ya rame nan da nan ake lura, a kai shi asibiti, a auna damtsensa, in tamowa ce a ba shi madararta. Mai juna biyu ma tana da ranar awo, a duba jininta, a haɗo ta da magani. Wadda ke tsakaninsu, 'yar shekara 10 zuwa 19, ita ce ba mai leƙa kwanonta. Ta wuce goyo, ba ta kai awo ba. Kuma galibi ita ce mai daka, mai tuƙi, mai kwashewa, mai miƙa wa kowa nasa. Ga irin tambayoyin da iyaye mata da su kansu 'yan matan kan yi a kan wannan batu.

Ba tukunya ɗaya kowa ke ci a gida ba? Me ya sa za a ware 'yan mata?

Tukunyar ɗaya ce, buƙatar jiki ce ta bambanta. In aka cire jarirantaka, babu lokacin da mutum ke girma da sauri kamar shekarun balaga. A cikinsu ne yarinya ke samun kusan rabin nauyin da za ta rayu da shi, ƙashinta ya yi ƙwari, ƙugunta ya buɗe. Ga kuma al'ada da ke tafiya da jini duk wata, shi kuwa jini da sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, ake gina shi. A ma'aunin da masana abinci na Amurka ke aiki da shi, 'yar shekara 9 zuwa 13 tana buƙatar miligiram 8 na ayon a rana. Daga 14 zuwa 18 sai ya koma 15. In ta samu ciki, 27.

Cikin kuwa ba zancen nesa ba ne. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari: kashi 27 a karkara, kashi 8 a birane. Binciken ya kuma nuna kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A Nijar, kimanin mata uku cikin huɗu ake aurarwa kafin su cika 18. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji da ɗan jini kaɗan, jikinta bai gama girma ba, ita da ɗan cikinta za su riƙa rabon abin da ko ita kaɗai bai ishe ta ba.

Me yarinyar ƙauye ke ci a yini?

Ya danganta da wata. Da safe ɗumamen tuwon jiya ko koko. Da rana fura in an dama, ko dafaffen rogo, ko dankali, wata rana kuma sai haƙuri. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, ko kuɓewa, ko karkashi. Da kaka abin ya kan yi kyau: ga sabon wake, ga gyaɗa, ga kabewa, ga riɗi. Da damina ganye ke yawa, tafasa da rama da yakuwa da zogale, ga ƙwan zabi, sai dai lokacin ne rumbu ke yin ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta gidaje da yawa kan koma ci sau biyu ko sau ɗaya, alhali aikin gona yana kan ganiyarsa.

A lissafa aikin da take yi da wannan ɗan abincin: ɗebo ruwa, itace, surfe, daka, raino, kai abinci gona, talla. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan gina jikin suna nan a gidan, amma hanyar kasuwa suke bi. Ƙwai na sayarwa ne, kaza ta ranar baƙo ce ko ranar buƙatar kuɗi, nono a ƙwarya yake tafiya gari. Na sha ganin yarinya a tasha da bokitin awara tun azahar har bayan isha'i, leɓenta a bushe. Guda nawa aka zuba mata an ƙirga, kuɗin ma za a ƙirga in ta koma. Tana ɗauke da abinci mai gina jiki a ka yini guda, ba ta da ikon kai ɗaya baki.

Akwai wani sauyi kuma da ba a cika magana a kai ba. Gero ya fi masara da farar shinkafa ayon. Inda masarar da aka surfe tas aka kai inji ta maye gurbin gero, tuwon ya ƙara fari da laushi, amfaninsa kuma ya ragu.

Ta birni fa? Ai ita tana cikin daɗi.

Birni ba gida ɗaya ba ne. Akwai 'yar masu hali, wadda matsalarta zaɓi ne: ta fita makaranta ba ta karya ba, a ba ta kuɗin tara ta sayi fanke ko biskit da lemon kwalba, ta dawo ta dafa indomi ta wuce islamiyya, da dare ta ce ita ba ta cin tuwo. Akwai kuma 'yar talakan birni, wadda gidansu ba rumbu, ba akuya, ba zogale a bayan ɗaki, komai sai an auno. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. In kuɗin cefane ya gaza, nama da kifi da ƙwai ake fara sallama, a bar shinkafa ko taliya da mai da yaji. Garau-garau ma sai a ga waken ya zama na ƙirge.

Kada a manta da ta uku: 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye. Tana gidan da ake soya kaza, amma rabonta ƙanzo ne da abin da yara suka rage. Wadda duk ke da irin wannan yarinya a gidanta, amana ce a hannunta, kuma jikinta na buƙatar abin da jikin 'yar gida ke buƙata.

To wacce ta fi wata cin abinci mai kyau?

In hatsi ya wadata, ni a ganina kwanon ƙauye ya fi: gero, wake, ganye, daddawa, nono, 'ya'yan itace irin su magarya da kanya da goruba. Matsalarsa ba ya isa, kuma ba ya ɗorewa duk shekara. Na birni yana cika ciki, amma rabinsa fulawa ce da sukari da mai. Shi ya sa rama ta fi yawa a karkara, ƙiba ta fi yawa a birni, ƙarancin jini kuwa bai bar ko ɗaya ba. Yarinya na iya yin ɓul-ɓul jininta kuma yana ƙasa.

Akwai ma'auni mai sauƙi da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi. An kasa abinci gida 10: hatsi da su rogo da doya, wake da danginsa, gyaɗa da riɗi, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, koren ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A irin su karas, kabewa, mangwaro da gwanda, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itace. Ana so mace ta taɓa aƙalla gida 5 a yini. Gwada da abincin jiya. Koko da ƙosai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da mangwaro guda: biyar ke nan, ba a sayi nama ba. Burodi da safe, indomi da rana, taliya da dare: gida ɗaya ne aka shiga sau uku.

Ta yaya zan gane 'yata ba ta da isasshen jini?

Yawan gajiya, jiri in ta miƙe, haki daga ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya, ciwon kai, gyangyaɗi a aji, karatu ba ya zama. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba: in cikin ya yi fari fat maimakon ja, haka tafin hannu da harshe, alama ce. Yara da yawa ana kiransu malalata, ana yi musu faɗa, alhali jini ne babu.

Tabbaci sai da gwaji, kuma ƙananan asibitoci na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, in himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini, tana da ƙarancin jini. Ba kullum abinci ne kaɗai sanadi ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki na tsotsa, tsargiya na zubar da shi ta fitsari ga masu wanka da wanki a rafi. Al'adar da ke wuce kwana 7, ko take zuba har sai an canza ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu, ita ma ta asibiti ce. 'Yan mata na jin nauyin faɗin wannan, sai uwa ta tambaya da kanta.

Gaskiya ne zoɓo, ko lemon malt da madara, na ƙara jini?

Jan zoɓo launin fure ne, ba jini ba ne. Madara tana da amfani ga ƙashi, amma ayon ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Kuɗin malt da gwangwanin madara in aka sayi hanta da su, an fi cin riba nesa ba kusa ba.

Ba mu da halin nama kullum. Me za mu ba ta?

Ayon na jikin dabba shi jiki ya fi saurin ɗauka, kuma kaɗan ma yana aiki: 'yar hanta sau ɗaya a mako, ƙoda, busasshen kifi a daka a zuba a miya, soyayyar fara in lokacinta ne. Bayan su sai wake ta kowace fuska, ƙosai, alala, ɗanwake, fate da wake, sai awara, gero, riɗi, daddawa, da ganye.

Dabarar tana wajen haɗawa. Ayon na hatsi da ganye ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin C a kusa. Matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir a kan ɗanwake, a bi abinci da gwaiba ko lemon zaƙi, ko a dama garin 'ya'yan kuka, wanda ke da bitamin C mai yawa. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami, yana rage wani sinadari da ke ƙulle ayon a cikin ƙwayar. Iyayenmu da ke jiƙa gero kafin koko ba su san sunan sinadarin ba, amma aikinsu daidai ne. Kanwa kuma a rage hannu, domin tana lalata wasu bitamin. A jiƙa wake tun dare, zai nuna ba sai an cika masa ita ba. Ganye kada a dafa shi har ya yi baƙi a zubar da ruwan.

Wajen sayayya, a nemi gishiri mai aidin, da man girki da fulawa da sukari masu tambarin ido, alamar an ƙara musu bitamin A.

Shayi fa? Ita kullum shi ne karin kumallonta.

Ganyen shayi na hana jiki ɗaukar ayon na hatsi da wake in aka sha su tare. Ba a ce ta daina ba. Ta bar kamar awa ɗaya tsakanin shayi da abinci, kuma kada ruwan bunu da burodi su zama su ne karyawar kullum.

Tana cin farar ƙasa, tana tauna ƙanƙara. Ɗabi'a ce kawai?

Sau da yawa ba ɗabi'a ba ce. Kwaɗayin ƙasa, ko ƙanƙara, ko ɗanyar shinkafa, sananniyar alama ce ta ƙarancin ayon, kuma yakan tafi in jinin ya dawo. Farar ƙasar kuma tana ƙara dagula lamarin: tana riƙe ayon a hanji, tana sa bushewar ciki, an kuma sha samun dalma a cikinta. Duka da gori ba sa raba ta da ita. A gwada jininta.

Ba ta karyawa kafin makaranta. Zai sa mata olsa?

Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda 'yan mata ke sha ba abinci a ciki saboda ciwon mara. Yunwa na tayar da zafin ne ga mai shi. Amma rashin karyawa na da nasa lahanin: darasin safe ya wuce ta tana hamma, in an fita tara kuma ta faɗa wa kayan zaƙi. Ki duba dalilin. Wata lokaci ne ba ta da shi, domin ita ce mai shara da wanke-wanke da shirya ƙanne, sai ta ciyar da kowa ta fita da gudu. A rage mata aiki ɗaya na safe, ko a ƙunsa mata ɗumame, dafaffen ƙwai ko gyaɗa ta tafi da shi.

Ƙawayenta na shan maganin ƙiba, wasu kuma na rage ƙiba. Yana da illa?

Yana da ita, babba. Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi ƙwayar dexamethasone ce, ko cyproheptadine mai buɗe ciki, wani lokaci a haɗa su. Dexamethasone magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Ƙibar da yake kawowa ba ta lafiya ba ce: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa. A ciki kuma yana jawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi a shekarun da ya kamata ƙashi ya yi ƙwari, ya karya garkuwar jiki, ya rikita al'ada. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan na da haɗari. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Abin takaici, ba kullum ƙawaye ne ke kawo shi ba. Wani lokaci manya ne a gida, in biki ya matso, a ce amarya ta cika rama, a gyara ta. Yarinyar da take jin "kin zama kamar sillen kara" safe da yamma, ko "wa zai aure ki a haka", ita ce ke zuwa kemis a ɓoye.

A ɗaya gefen, musamman a birni inda waya ke hannu, hotunan TikTok da Instagram na sa wasu ƙyamar jikinsu. Yawancin shayin rage ƙiba maganin zawo ne, da filasko ko danginsa a ciki. Ruwan jiki yake zubarwa, ba kitse ba. In kika ga yarinya na ɓoye abinci, tana shiga banɗaki da zarar ta ci, tana ramewa tana cewa ta yi ƙiba, ko al'adarta ta ɗauke, wannan ciwo ne da ke buƙatar likita, da lallashi.

A hana ta indomi da lemon kwalba gaba ɗaya?

Hani kai tsaye ba ya cika aiki a wannan shekarun. A nuna mata lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abincin yini, wato wajen giram 50, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Gwangwani ɗaya na lemon kola yana da sukari kusan giram 35. Zoɓo da kunun aya na talla ma wani lokaci ba su da maraba da shi wajen zaƙi. Indomi kuwa fulawa ce da mai da gishiri. In za a ci, a rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a fasa ƙwai, a yanka alayyafo ko kabeji da karas, kuma ya zama na wani lokaci.

Wai kunya na hana 'yan mata ci?

Tana hanawa. Mun taso ana yaba budurwar da ta ɗan taɓa ta ce ta ƙoshi, ana zolayar mai ci da yawa. Ba ta ci gaban baƙo, ba ta ci gaban surukai, amarya kan yi kwanaki a gidan miji tana tsakurar abinci. Wajen rabo kuma tsokar farko ta maigida ce, sai samari, ita da ƙannenta su haɗu a kwano ɗaya, ta riƙa janye hannu don ƙananan su samu. Kara hali ne mai kyau, ban ce a bar ta ba. Amma mai rabo ita ke da wuƙa da nama. Hajiya, in kin kwashe na kowa, ki zuba mata nata daban, ki sa mata yanki ko da ɗaya ne, ki tsaya ki ga ta ci. Maigida kuma ya riƙa tambaya ko yaran mata sun samu kafin ya wanke hannu.

Da azumi fa?

Kada ta bar sahur don barci. Abin da ke riƙe ciki shi ne wake, fura da nono, kunun gyaɗa, tuwo, da ruwa isasshe. Da buɗa-baki a fara da dabino da ruwa da 'ya'yan itace kafin soye-soye. Kwanakin da take fashin salla kuma ta ci abincinta. Wasu kan yini da yunwa don kada 'yan'uwa maza su gane, alhali lokacin ne jini ke fita daga jikinsu.

Akwai ƙwayar ƙarin jini ta 'yan mata? Zan iya saya mata a kemis?

Akwai. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba mata masu al'ada ƙwaya ɗaya a mako, mai miligiram 60 na ayon da 2.8 na bitamin folik asid, a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa. Ghana ta fara raba irinta ga 'yan mata a makarantu a 2017. A Najeriya, shirin ciyar da ɗalibai na tarayya da aka faro a 2016 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare ya shafa, bai kai ga 'yan sakandare ba, balle waɗanda ba sa zuwa makaranta.

Ƙwayar kan sa bayan gida ya yi baƙi, wata ta ji tashin zuciya. Wannan ba abin tsoro ba ne, a sha bayan an ci abinci, kada a kora da shayi. A ajiye ta inda ƙananan yara ba za su kai hannu ba, domin in yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Sai dai ba kowane ƙarancin jini ne na ayon ba. Mai sikila, musamman wadda aka sha yi wa ƙarin jini, ayon na iya yi mata yawa a jiki ya cutar da ita. Don haka kafin ki saya, ki kai ta a gwada jinin, a duba zazzaɓi da tsutsar ciki, in ba a san rukunin jininta na sikila ba a duba shi a ranar.